Maki 30 ko maki 12: yadda ake karanta alƙaluman ɗan wasan ƙwallon kwando

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara bin gasar NBA ba. Kwanan baya na kalli wani wasa inda wani ɗan wasa ya ci maki 30, ya fi kowa a filin, amma ƙungiyarsa ta sha kashi. Da aka tashi sai masu sharhi suka yi ta yabon wani a ɗaya ɓangaren wanda maki 12 kacal ya ci. Abokina ya ce son kai ne kawai, ni kuma na rasa amsar da zan ba shi. Na buɗe teburin alƙaluman wasan na ga FG%, REB, AST, TO da +/-, sai kaina ya ɗaure. Ta yaya ake gane wanda ya fi taka rawa daga waɗannan lambobi?"

Wa'alaikumus salam, malam. Idan na fahimce ka, tambayoyi biyu ne a haɗe. Ta farko, shin mai maki 12 zai iya fin mai maki 30 amfani ga ƙungiyarsa a wasa guda? Ta biyu, idan haka ne, a wane layi na teburin ake ganin hakan? Amsar ta farko ita ce e, kuma yana faruwa sosai. Ta biyu ce take buƙatar zama. Na daɗe ina aikin rubuta alƙaluma a gefen fili, daga baya na koma shirya wa masu horarwa rahoto kafin wasa da bayansa, kuma abin da na fi nanata wa duk wanda ya zo koyon aikin shi ne kada ya karanta wata lamba ita kaɗai. Maki yana tafiya da yawan jifa, yawan jifa yana tafiya da mintuna, mintuna kuma suna tafiya da saurin wasan. Wanda ya ɗauki maki ya bar sauran bai ɗauki abin da zai yanke hukunci da shi ba.

Yadda teburin ya taru

Teburin da ka buɗe ba rana ɗaya aka tsara shi ba. Gasar da ta zama NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta fara a 1946, kuma a farkon lamari ko ribawun, wato cafke ƙwallon da ta ƙi shiga kwando, wanda ka gani an rubuta REB, ba a ƙirgawa sai a kakar 1950-51. Ƙwace ƙwallo daga hannun abokin hamayya da tare jifa a sama ba su shiga lissafi ba sai kakar 1973-74. Zubar da ƙwallo, wato rasa ta ga abokan hamayya ba tare da an yi jifa ba, wanda ka gani an rubuta TO, an fara rubuta wa kowane ɗan wasa nasa a 1977-78. Layin jifan maki uku, wanda jifa daga bayansa ke ba da maki uku maimakon biyu, ya zo a 1979-80. Wannan tarihi yana da amfani, domin yana nuna maka cewa abin da ya fi sauƙin gani aka fara ƙirgawa, ba abin da ya fi muhimmanci ba. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi ke riƙe da tarihin tare jifa da guda 3,830, Dikembe Mutombo na biye da shi da 3,289. Amma Bill Russell, wanda ya ci kofi 11 da Boston Celtics, kuma waɗanda suka ga wasansa suka yarda da wuya a sami mai tare jifa kamarsa, ba shi da ko guda ɗaya a rubuce, saboda ya yi ritaya a 1969 kafin a fara ƙirgawa.

Maki daga jifa nawa?

A nan ne gardamarka da abokinka take, don haka zan daɗe a kai.

Akwai abu ɗaya da ya bambanta ƙwallon kwando da wasanni da yawa. Ƙungiyoyin biyu suna karɓa-karɓa ne da ƙwallo. Daga lokacin da ƙungiya ta karɓi ƙwallo har ta rabu da ita, ko ta hanyar ci, ko kuskuren jifa da abokan hamayya suka cafke, ko zubarwa, wannan shi ne hari guda. Agogon daƙiƙa 24 da NBA ta shigo da shi a 1954 ya hana kowa riƙe ƙwallo yadda ya ga dama. Sakamakon haka, a ƙarshen wasa ƙungiyoyin biyu kusan adadin hari ɗaya suke samu, kuma a NBA ta yau adadin yana kusa da 100 ga kowacce. Tunda ba wanda zai fi wani yawan hari sosai, wanda ya fi fitar da maki daga kowane hari shi ke yin nasara. Hari shi ne jarin ƙungiya. Mai maki 30 ya gaya maka cinikin da ya yi, saura ka tambaye shi jarin da ya cinye.

Bari in ƙirƙiro misali da lambobinka. A ce mai maki 30 ya yi jifa 28 daga fili, 11 suka shiga, biyu daga ciki na maki uku ne, sannan ya yi jifan kyauta 8, wato jifan maki ɗaya da ake ba wanda aka yi wa keta, ya ci 6. Jimilla maki 30 ke nan. A ce mai maki 12 ya yi jifa 6 kacal, 4 suka shiga, biyu na maki uku, kuma ya ci jifan kyauta 2 cikin 2. Na farko ya ɓatar da jifa 17. Kowanne daga cikinsu dama ce da wani abokin wasansa bai samu ba, kuma mafi yawansu sun faɗa hannun abokan hamayya ne, waɗanda suka juya da gudu kafin 'yan bayansa su shirya.

Layin FG% shi ne matakin farko na auna wannan: cikin jifa 100, nawa ke shiga. Amma yana da rauni babba, domin yana ɗaukar jifan maki biyu da na maki uku daidai wa daida. Wanda ya yi jifa 10 duk daga bayan layi ya ci 4, yana da kashi 40 cikin 100 da maki 12. Wanda ya yi jifa 10 a kusa da kwando ya ci 5, yana da kashi 50 da maki 10. Teburin ya nuna na biyu ya fi, allon maki ya nuna na farko ya fi. Don haka aka samar da eFG%, wanda yake lissafa kowane jifan maki uku da ya shiga a matsayin ɗaya da rabi. Wannan ɗan lissafi shi ya sauya fasalin wasan gaba ɗaya. Wanda ke cin ɗaya cikin uku daga bayan layi daidai yake da wanda ke cin rabi daga ciki. Lokacin da ƙungiyoyi suka ɗauki wannan da gaske, yawan jifan maki uku ya tashi daga ƙasa da 3 a wasa ga kowace ƙungiya a kakar 1979-80 zuwa sama da 35 a 'yan shekarun nan.

Ma'aunin da na fi dogaro da shi shi ne TS%, saboda yana haɗawa da jifan kyauta. Ga yadda ake fitar da shi: ka ninka yawan jifan kyauta da 0.44, ka haɗa da yawan jifa daga fili, ka ninka jimillar sau biyu, sannan ka raba makin da abin da ka samu. Dalilin 0.44 shi ne yawanci jifan kyauta biyu ne ke cinye hari guda, wanda da zai ba da 0.5, amma akwai lokutan da ake ba da jifa ɗaya bayan ƙwallo ta riga ta shiga, ko jifa uku a lokaci guda, sai adadin ya ɗan sauko. Idan ka yi wannan lissafi a misalinmu, mai maki 30 zai tashi da kusan kashi 48, mai maki 12 kuma kusan kashi 87. Matsakaicin gasar NBA a 'yan shekarun nan yana wajen kashi 58. Ma'ana, da an raba damar da mai maki 30 ya cinye ga matsakaitan 'yan wasa, da ƙungiyar ta sami wajen maki 36 maimakon 30. Idan kuma ka duba layin TO ka ga ya zubar da ƙwallo sau shida, ka ƙara hari shida da suka tafi ba tare da an ko yi jifa ba. A wasan da aka tashi da tazarar maki biyar ko shida, ka ga inda nasarar ta zube.

Sai dai kada ka ɗauki wannan ka je ka yi wa abokinka dariya, domin yana da hujjar da zai iya kawowa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Mai maki 12 ya sami kashi 87 ne saboda ya zaɓi jifansa. Yana tsaye a lungu ba kowa a kansa, ko an miƙa masa a ƙarƙashin kwando. Me ya sa ba kowa a kansa? Sau da yawa saboda masu tsaro biyu sun tafi kan tauraron ƙungiyarsa. Idan ka ce masa ya yi jifa 28, ba zai riƙe wannan kaso ba, ko kusa. A kowace ƙungiya dole a sami wanda za a miƙa wa ƙwallo idan saura daƙiƙa huɗu a agogo kuma tsarin da aka shirya ya rushe. Jifan da zai yi a wannan hali mai wuya ne, kuma shi za a rubuta wa kuskuren. Akwai ma'auni na musamman da ke nuna kason hare-haren ƙungiya da ke ƙarewa a hannun ɗan wasa yayin da yake fili. Tunda mutum biyar ne, rabon kowa kashi 20 ne. Manyan taurari suna wuce kashi 30. Duk lokacin da wannan kaso ya hau, ana sa ran ingancin jifa ya ɗan sauka.

Allen Iverson misali ne da ake yawan kawowa. A kakar 2000-01 ya ci matsakaicin maki 31.1 a wasa, amma kashi 42 cikin 100 kawai na jifansa ke shiga. Duk da haka shi ya zama gwarzon gasar, kuma ya kai Philadelphia 76ers wasan ƙarshe. An gina ƙungiyar ne da masu tsaro da masu ribawun, aka bar masa nauyin cin maki kusan shi kaɗai. A ra'ayina, wanda ya ce lambobin sun nuna Iverson bai da amfani bai karanta su daidai ba, haka ma wanda ya ce maki 31 sun isa hujja. Abin da ya sa kakar Stephen Curry ta 2015-16 ta zama abin mamaki shi ne ya haɗa biyun: maki 30.1 a wasa, jifan maki uku 402 da suka shiga, kashi 45 daga bayan layi, sama da kashi 90 a jifan kyauta, TS% kusan 67. Yawa da inganci ba kasafai suke haɗuwa a mutum ɗaya haka ba, shi ya sa duk masu kaɗa ƙuri'a suka zaɓe shi gwarzon gasar ba tare da ko ɗaya ya saɓa ba.

Mintuna da saurin wasa

Kafin ka kwatanta mutum biyu, duba tsawon lokacin da kowanne ya yi a fili. Wasan NBA minti 48 ne. Maki 12 a minti 20 ya fi maki 16 a minti 38. Shi ya sa ake maida alƙaluma kan minti 36 ko kan hari 100 domin a daidaita. Amma ka yi hattara da wanda yake shigowa daga benci na minti 10 yana karawa da 'yan bencin ɗaya ɓangaren. Ninka lambarsa sau uku da rabi ba ya nufin zai iya yin hakan a gaban manyan 'yan wasa har ƙarshen wasa, ga gajiya ga tarin laifuka.

Sauri kuma shi ke rikita kwatancen zamani da zamani. A kakar 1961-62 Wilt Chamberlain ya ci matsakaicin maki 50.4 a wasa, kuma a ranar 2 ga Maris 1962 ya ci maki 100 a wasa guda da New York Knicks. Ba wanda zai rage masa girman wannan. Amma ka sani yana yin jifa kusan 40 a kowane wasa, kuma matsakaicin mintunansa 48.5 ne, fiye da tsawon wasan kansa, saboda ba ya fita hutu kuma akwai wasannin da aka yi ƙarin lokaci. A wancan zamani ana gudu sosai, ana yawan jifa, ana kuma yawan kuskure, don haka ƙwallayen da ake cafkewa sun fi na yau yawa nesa ba kusa ba. Shi da Russell kowannensu ya gama rayuwar wasansa da matsakaicin ribawun sama da 22, abin da ba mai kusantarsa yanzu. A ƙarshen shekarun 1990 kuma wasan ya yi sanyi har matsakaicin makin ƙungiya ya sauko ƙasa da 92 a kakar 1998-99. Maki 25 a wancan lokaci ya fi maki 25 na yau nauyi.

Haka abin yake tsakanin gasa da gasa. A dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, waɗanda ake bi a Turai da gasannin ƙasashe, wasa minti 40 ne, layin maki uku ya fi kusa, kuma laifi biyar ke fitar da mutum maimakon shida. Luka Dončić ya zama gwarzon EuroLeague, babbar gasar ƙungiyoyin Turai, a 2018 tare da Real Madrid da matsakaicin maki 16. Shi ne kuma ya fi kowa matsakaicin maki a NBA a kakar 2023-24 da 33.9. Ya ƙara ƙwarewa, babu shakka, amma wani ɓangare na bambancin daga dokoki ne da tsawon wasa da yadda ake rarraba mintuna.

Abin da hannun mai rubutu ke shiga ciki

Maki ba ya da gardama, ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba. Layin AST daban ne. Ana rubuta shi ne ga wanda ya miƙa ƙwallon da ta kai kai tsaye ga ci. To, idan wanda aka miƙa wa ya buga ƙwallo a ƙasa sau biyu, ya kauce wa mai tsaro, sannan ya jefa, wa ya ƙirƙiro cin? A teburin da na zauna, mukan yi saɓani kan irin wannan a kusan kowane wasa, kuma dole a yanke cikin daƙiƙa biyu domin wasan bai tsaya jiran kowa ba. Wani mai rubutu yana da sakin hannu, wani yana da tsauri. Bayan haka, wanda ya tsaga tsaro ya miƙa wa abokinsa ƙwallo a buɗe, abokin ya kuskure, ba a rubuta masa komai. Wanda ya miƙa aka yi wa abokinsa keta ya ci jifan kyauta biyu, a NBA shi ma ba a rubuta masa komai. Don haka yawan AST yana nuna gwanintar mai miƙawa da kuma gwanintar waɗanda ke kewaye da shi. Ni dai nakan karanta shi tare da TO. Mai AST 10 da zubarwa 2 ya tafiyar da wasa da kyau, mai 10 da zubarwa 7 kuma akwai magana. John Stockton, mai riƙe da tarihin AST da 15,806, ya yi shekaru masu yawa yana miƙa wa Karl Malone, kuma kowannensu ya ɗaga lambar ɗan'uwansa.

Ribawun ma iri biyu ne. Wanda aka cafke a kwandon abokan hamayya bayan jifan ƙungiyarka ya ƙi shiga ya fi tsada, domin ya ba ku sabuwar dama. Na kwandonka kuwa, da yawa daga ciki ba wanda ya yi takara a kansu, ko kai ba ka ɗauka ba abokin wasanka zai ɗauka. Akwai dogayen 'yan wasa da aikinsu shi ne su tokare abokin hamayya da baya don wani ya ɗauki ƙwallon, su yi wahalar, lambar ta tafi ga wani. Wannan yana daga cikin abin da aka yi ta muhawara a kai lokacin da Russell Westbrook ya gama kakar 2016-17 da matsakaicin goma ko fiye a maki da ribawun da AST, abin da ba a gani ba tun Oscar Robertson a 1961-62. Lamba goma tana da kwarjini a idon 'yan kallo da 'yan wasa. A watan Maris 2023 Giannis Antetokounmpo ya jefa ƙwallo jikin kwando da gangan a daƙiƙun ƙarshe na wasa da Washington Wizards don ya cafke ya cika ribawun goma, washegari hukumar gasar ta soke shi, saboda doka ta ce sai an yi jifa da niyyar ci. Tsakanin ribawun tara da goma babu wani bambanci ga sakamakon wasa.

Tsaro, inda teburin ya fi rauni

Rabin wasan tsaro ne, amma layi biyu kawai teburin ya ware masa, ƙwace da tare jifa, kuma dukansu suna iya yaudara. Mai yawan ƙwace wani lokaci mai caca ne, yana barin mutuminsa ya yi tsalle kan hanyar ƙwallo. Idan ya dace sau biyu an rubuta masa, idan ya kuskure sau biyar ya bar hanya a buɗe ba a rubuta komai. Jifan da aka tare ya fita waje yana komawa hannun masu hari ne, ba kamar wanda aka tare ya faɗa hannun abokin wasa ba, amma a tebur ɗaya suke. Mafi girman aikin dogon mai tsaro kuma shi ne jifan da ba a yi ba kwata-kwata, lokacin da mai hari ya kutso ya gan shi tsaye ya fasa ya koma baya. Rudy Gobert da Ben Wallace kowannensu ya lashe kyautar gwarzon mai tsaro sau huɗu, kuma Wallace ya gama rayuwar wasansa da matsakaicin maki ƙasa da 6. Idan mai maki 12 na wasanka shi ne aka ɗora a kan mai maki 30, kuma shi ya tilasta masa waɗancan jifa 17 da suka ɓata, to aikinsa yana rubuce ne a layin abokin hamayyarsa.

Tun kakar 2013-14 an sa kyamarori a dukkan filayen NBA da ke bin motsin kowane ɗan wasa da ƙwallo. Yanzu ana iya sanin kason jifan da ke shiga a kusa da kwando idan wane ne mai tsaro mafi kusa, da tazarar da ke tsakanin mai jifa da mai tsaronsa. An sami ci gaba sosai, amma kyamara ba ta san umarnin koci ba. Idan aka ci a gaban wani, ba ta san ko shi ne ya yi sakaci ko ya zo rufe ɓarakar da wani ya bari ba.

Layin +/- da lambobin da ke dunƙule komai

Wannan layi yana nuna tazarar makin da ƙungiya ta samu ko ta rasa yayin da ɗan wasa yake fili. Idan an rubuta +14, ƙungiyarsa ta fi abokan hamayya da maki 14 a mintunansa. Kyawunsa shi ne yana kama duk abin da sauran layuka suka bari: tokare mai tsaro don aboki ya kuɓuce, janye masu tsaro daga kwando, magana da tsara 'yan baya. Shane Battier ya yi suna a Houston Rockets da irin wannan, makinsa kaɗan amma ƙungiya ta fi kyau idan yana ciki. Muninsa shi ne mutum goma ne a fili. Wanda ya yi sa'ar shiga tare da tauraro zai kwashi ƙari ko bai taɓuka komai ba. A wasa guda ba na ba shi nauyi sosai, sai dai ya sa in koma in duba bidiyon mintunan. A tsawon kaka ɗaya ko biyu, musamman idan an yi lissafin da ke cire tasirin abokan wasa da abokan hamayya, yana faɗin gaskiya mai yawa.

Za ka kuma ci karo da lambobin da ke ƙoƙarin dunƙule komai wuri guda, kamar PER da John Hollinger ya ƙirƙiro, wanda aka tsara matsakaicinsa ya zama 15 a kowace kaka. Suna da amfani wajen tace sunaye da sauri, amma tunda daga teburin aka gina su, sun gaji rauninsa: suna fifita mai yawan jifa, suna tauye mai tsaro. Ga ƙungiya kuwa, rabon da mai nazarin alƙaluma Dean Oliver ya yi ya fi taimaka mini: ingancin jifa ne kan gaba, sai zubar da ƙwallo, sai ribawun, sai samun jifan kyauta. Idan ka kwatanta ƙungiyoyin biyu a waɗannan abubuwa huɗu, da wuya ka kasa gane dalilin sakamakon.

Wasa ɗaya bai isa ba

Mai jifan da ke cin kashi 40 daga bayan layi zai iya cin 2 cikin 10 yau, jibi ya ci 7, ba tare da wani abu ya canza a hannunsa ba. Sai an tara ɗaruruwan jifa kafin kason ya zauna. Kakar NBA wasa 82 ce, don haka duk wanda ya yanke hukunci kan ɗan wasa bayan wasa biyar ya yi gaggawa. Ka kuma duba lokacin da aka ci makin. Maki 10 a zango na huɗu, wato na ƙarshen wasa, bayan an ba ƙungiya tazarar 25 kuma manyan 'yan wasan ɗaya ɓangaren sun zauna, ba ɗaya suke da maki 10 lokacin da ake kunnen doki ba, amma teburin bai bambanta su.

Idan aka miƙo mini takardar wasa, ga yadda nake bi. Mintuna nake fara dubawa. Daga nan yawan jifa daga fili da jifan kyauta, sannan maki, domin in san tsadarsu. Sai TO a gefen AST. Sai ribawun na kwandon abokan hamayya. Sai in tsallaka ɗaya ɓangaren in ga yadda wanda ɗan wasan ya tsare ya kasance. Layin +/- shi ne na ƙarshe.

Bayan duk wannan akwai abin da takarda ba za ta ba ka ba. Ba ta nuna wanda ya buga da ciwon idon sawu, ko wanda koci ya ce ya bar jifa ya koma tsaro a wannan dare, ko wanda aka sauya masa matsayi saboda wani ya ji rauni. Masu horarwa da na yi aiki da su ba sa karɓar rahoton lambobi sai da bidiyo a gefensa, kuma ina ganin daidai suke. Kai ma za ka iya gwadawa a wasan da za ka kalla na gaba. Zaɓi ɗan wasa ɗaya wanda ba tauraro ba, ka bi shi da ido na zango guda ba tare da bin ƙwallo ba. Ka lura da wanda yake tsarewa, da sau nawa ya tokare wani don abokinsa ya sami hanya, da ko yana komawa baya da gudu idan an zubar da ƙwallo, da ko masu tsaro suna barinsa ko suna manne da shi a bayan layi. Idan zangon ya ƙare, buɗe teburin ka ga nawa daga cikin abin da ka gani aka rubuta masa.